Fatar Silikon: Tarihin Ƙwayar Sola ta HIT, Daga Kalkuleta Zuwa Kambun Duniya

A farkon watan Fabrairun 2021, kamfanin Panasonic na ƙasar Japan ya sanar da cewa zai daina ƙera farantan sola. Masana'antarsa ta Kulim a Malesiya za ta rufe, ta Shimane a Japan kuma za ta koma wasu ayyukan, duk kafin ƙarshen Maris na 2022. Shekara bakwai kacal kafin nan, a Afrilun 2014, wannan kamfani ne ya ƙera ƙwayar sola ta silikon da ta fi kowace inganci a duniya. Tana mayar da kashi 25.6 cikin 100 na hasken ranar da ya sauka a kanta ya zama lantarki, kuma da ita aka ture kambun da Jami'ar New South Wales ta Ostireliya ta riƙe tun 1999.

Ƙwayar sola ita ce kowane ɗaya daga cikin murabba'an nan da ake gani a jere a cikin faranti, kamar gidajen dara. Wadda Panasonic ya ci kambu da ita ana kiranta HIT, kuma gadonta ya yi daga kamfanin Sanyo. A yau an fi saninta da HJT, wato ƙwaya mai mahaɗar jinsi biyu. Sirrinta wani tantani ne da gashin mutum ya fi shi kauri sau dubu goma da ɗoriya, wanda aka yi da wani nau'in silikon da masana suka daɗe suna yi wa kallon maras amfani. Yadda wannan tantani ya samu gurbi a kimiyya, da yadda ribarsa ta kuɓuce wa waɗanda suka gano shi, labari ne guda.

Inda lantarki ke zurarewa

A ranar 25 ga Afrilun 1954, cibiyar bincike ta Bell a Amurka ta nuna wa 'yan jarida ƙwayar sola ta silikon ta farko mai amfani. Mutum uku ne suka ƙera ta: Daryl Chapin da Calvin Fuller da Gerald Pearson. Ingancinta kusan kashi 6 ne cikin 100. Tushen aikinta bai canza ba har yau.

Idan haske ya ratsa silikon, yakan fizge elektron daga mazauninsa, ya bar gurbi a wurin. Elektron yana ɗauke da caji iri ɗaya, gurbin kuma yana aiki kamar mai ɗauke da kishiyarsa. Aikin ƙwayar sola shi ne ta raba su, ta tura elektron gefe guda, gurbi ɗaya gefen, ta yadda elektron ba shi da hanyar komawa gida sai ta cikin waya. Wannan zagaye da yake yi ta waya shi ne lantarkin da ke kunna fitila. Domin a raba su, akan gauraya silikon da ɗan fosfaras, ya zama mai rarar elektron, wanda ake kira nau'in n, ko da ɗan boron, ya zama mai rarar gurabe, wanda ake kira nau'in p. Inda nau'o'in biyu suka haɗu, nan ce mahaɗar da ke yin rabon.

Sai dai ba kowane elektron ke kaiwa ga waya ba. Da yawa sukan sake faɗawa gurbi tun a hanya, kuzarinsu ya tafi a zafi. Mafi yawan wannan asara a fuskar silikon take aukuwa. A cikin silikon mai tsari, kowace zarra tana riƙe da maƙwabta huɗu, layi bisa layi, kamar saƙar zare. A inda aka yanka shi, zarrar da ke bakin yankan ba ta da wanda za ta riƙe ta waje, sai hannunta ya zauna a sake. Kowane sakakken hannu tarko ne ga elektron. Tela ya san wannan matsala: bakin yadin da ba a kalmasa ba, ta nan yake zarewa.

Ana iya kalmasa bakin silikon da wani siririn rufi mai kama da gilashi, amma irin wannan rufi ba ya barin lantarki ya wuce. Dole a huda shi domin ƙarfe ya taɓa silikon ya kwashi lantarkin, kuma duk inda ƙarfe ya taɓa silikon kai tsaye, asara ta fi ko'ina tsanani a wurin. Shekaru da dama masu bincike suna kai da kawo tsakanin waɗannan buƙatu biyu: a rufe fuska, lantarki ya rasa mafita, a buɗe ta, ya zurare. Ƙwayar PERC, wadda ayarin Martin Green ya ƙirƙiro a Ostireliya a shekarun 1980, ta rage girman hudar ne kawai. Abin da ake nema shi ne rufin da zai kalmasa fuskar baki ɗaya, kuma ya bar lantarki ya ratsa.

Silikon maras tsari

Amsar ta fito daga wani fagen dabam. A 1969, R. C. Chittick da abokan aikinsa a Ingila suka nuna cewa idan aka sa wutar lantarki ta tarwatsa iskar silen, wadda ta ƙunshi silikon da haidirojin, wani siririn tantanin silikon yakan kwanta a kan duk abin da aka ajiye a wurin. Ƙwayoyin zarrar wannan silikon ba a jere suke ba, a hargitse suke. Ra'ayin da ya fi rinjaye a lokacin shi ne ba za a iya mayar da irinsa nau'in n ko nau'in p ba, don haka ba zai yi aikin komai ba a na'ura.

A 1975, Walter Spear da Peter LeComber na Jami'ar Dundee a Sikotilan suka rushe wannan ra'ayi: suka gauraya shi da fosfaras da boron, kuma ya karɓa. Daga baya aka fahimci dalili. Haidirojin ɗin da ke cikin iskar yana shiga tantanin, har ya kai kusan kashi 10 cikin 100 na ƙwayoyin zarrarsa, yana kama sakakkun hannayen yana rufe tarkunan. Shekara guda bayan haka, David Carlson da Christopher Wronski na kamfanin RCA a Amurka suka ƙera ƙwayar sola da shi, mai ingancin kashi 2.4 cikin 100.

Fata ya yi yawa a kansa, domin yana da arha kuma ɗan kaɗan ake buƙata. Amma a 1977 David Staebler da Wronski suka gano aibinsa: idan ya daɗe a cikin haske, ingancinsa yakan ragu. Ƙwayar da aka yi domin rana, rana ce ke raunana ta. Har yau ƙwayoyin da aka yi da shi zalla ba su yi nisa da kashi 10 cikin 100 ba.

Wasu sakamako biyu na wancan zamani ba su ja hankali sosai ba. A 1974 Walther Fuhs da abokansa a Marburg ta Jamus suka ɗora silikon maras tsari a kan mai tsari, suka nazarci mahaɗarsu. A 1979 kuma Jacques Pankove na RCA da abokin aikinsa suka nuna cewa tantanin mai haidirojin yana rage asara a fuskar silikon mai tsari. Duk abin da ake buƙata ya riga ya bayyana, sai dai ba a harhaɗa shi ba.

Abin da Sanyo ya tsinta

Rikicin man fetur na 1973 ya girgiza Japan, ƙasar da kusan duk man da take ƙonawa daga waje yake zuwa. A 1974 gwamnati ta ƙaddamar da shirin Sunshine domin neman wasu hanyoyin makamashi. A kamfanin Sanyo da ke Osaka, wani mai bincike, Yukinori Kuwano, ya rungumi silikon maras tsari. A 1980 Sanyo ya fara ƙera ƙwayoyinsa domin kasuwa, ya samo musu wurin da rauninsu ba ya cutarwa: kalkuleta. Ɗan baƙin tagar nan da ke saman kalkuleta, wanda ke aiki ko da hasken ɗaki, daga nan ya samo asali. Shekara goma na wannan sana'a suka ba injiniyoyin Sanyo ƙwarewar da 'yan kaɗan ke da ita wajen shimfiɗa tantanin.

A ƙarshen shekarun 1980 suna neman hanyar yin mahaɗa ba tare da zafi mai tsanani ba. A al'ada, sai an sa fallen silikon a tanderu mai zafin da ya haura digiri 800 a ma'aunin Salsiyos kafin fosfaras ya ratsa shi. Su kuwa suka ɗora tantanin silikon maras tsari na nau'in p a kan fallen silikon mai tsari na nau'in n, a zafin da bai kai digiri 200 ba. Ƙwayar ta yi aiki, ingancinta wajen kashi 12. Ba a nan gizo ke saƙar ba: boron ɗin da ke cikin tantanin yana haifar da nasa tarkunan, daidai a kan mahaɗar.

Dabarar da suka yi ita ce cusa wani tantanin a tsakani, tsantsar silikon maras tsari da ba a gauraya shi da komai ba, mai kaurin nanomita kaɗan. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Ingancin ya haura kashi 14. Da suka gyara fuskar fallen, suka kuma maimaita dabarar a bayansa, sai ya kai kashi 18.1, kamar yadda Makoto Tanaka da Mikio Taguchi da abokan aikinsu suka wallafa a 1992. Sunan HIT taƙaitawa ce ta bayanin ƙirar da Turanci: mahaɗar jinsi biyu mai tsantsar siririn tantani.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Fallen silikon mai tsari shi ke shan haske, saboda haka raunin da Staebler da Wronski suka gano ba ya tasiri a nan, tunda ba a ɗora wa silikon maras tsari wannan nauyi ba. Tsantsar tantanin yana kalmasa fuskar fallen gaba da baya, haidirojinsa yana rufe sakakkun hannaye. Siransa kuma ya isa ya bar caji ya ratsa. A kansa akwai tantanin nau'in p a fuska ɗaya, na nau'in n a ɗaya fuskar. Kowannensu kamar mai gadin ƙofa yake, ɗaya gurabe kawai yake bari su wuce, ɗaya kuma elektron kawai. Babu inda ƙarfe ya taɓa fallen. Ana ganin sakamakon a ƙarfin turin lantarkin: ƙwayoyin kasuwa na da ba su cika wuce milibolt 640 ba, amma a 2013 Panasonic ya nuna ƙwayar HIT mai milibolt 750 da ingancin kashi 24.7, a kan fallen da bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba.

Daga tukunya zuwa faranti

Sanyo ya fara sayar da farantan HIT a 1997, kuma jigon ƙirar bai sauya ba tun daga lokacin. Ana narka tataccen silikon a zafin da ya haura digiri 1,400, a zuba masa ɗan fosfaras, a tsoma ɗan irin silikon mai tsari a ciki, a riƙa jawo shi sama a hankali yana juyawa, har ya zama doguwar sanda. Hanyar tana ɗauke da sunan Jan Czochralski, masanin ƙasar Folan da ya gano ta a 1916. Sai a yayyanka sandar falle-falle da siririyar waya mai ɓarɓashin daimon. Daga nan matakai huɗu suka rage.

Na farko wanka ne. Ana tsoma fallen a ruwan sinadari dangin soda, wanda ke cinye raunin da yankan ya bari, ya kuma sassaƙa fuskar ta zama ƙananan dala miliyoyi da ido ba ya gani. Hasken da ya bugi gefen wata dala ya yi tsalle, sai ya faɗa kan maƙwabciyarta, ya sami dama ta biyu ta shiga. Bayan haka akan yi wanki mai tsanani, domin duk dattin da ya rage zai zauna ne daidai a kan mahaɗar. Sauran ƙwayoyin sola suna da tanderun da ke gyara wasu kurakurai. Wannan ba ta da shi.

Na biyu shi ne zuciyar aikin. Fallen yana shiga rufaffen akwatin da aka zuƙe iskar cikinsa, a saki iskar silen da haidirojin, a tarwatsa su da wutar lantarki a zafin wajen digiri 200. Tsantsar tantani ya kwanta a fuskokin biyu, kaurinsa wajen nanomita 5, sannan na nau'in p da na nau'in n su biyo baya. Ma'aunin yana da tsauri. Idan tantanin ya yi kauri, zai shanye hasken da ya kamata ya isa ga fallen, ya kuma tare lantarki. Idan ya yi siranta da yawa, kalmasar ba za ta kama ba. Idan kuma ƙwayoyin zarrar da ke sauka suka bi layin fallen suka jeru, amfanin ya ɓaci, domin hargitsin ake so tun daga zarrar farko.

Na uku, tunda tantanin ba ya iya kai lantarki gefe zuwa layukan ƙarfe, ana fesa masa wani rufi garai-garai, mai barin haske ya wuce kuma mai ɗaukar lantarki, kaurinsa wajen nanomita 75. Galibi da ƙarfen indiyom da kuza ake yin sa, irin wanda ke fuskar wayar hannu. Shi ne kuma ke rage ƙyallin da ke mayar da haske baya.

Na huɗu, ana buga siraran layukan azurfa ta cikin raga, kamar yadda ake buga rubutu a jikin riga, a gasa su a zafin wajen digiri 200. Idan zafin ya yi nisa da haka, haidirojin zai fice, tarkuna su sake buɗewa. Daga nan sai gwaji, a jona ƙwayoyin, a rufe su da gilashi.

Wannan ƙira tana da fa'idoji na zahiri. Gabanta da bayanta kusan ɗaya ne, don haka tana cin hasken da ƙasa ta mayar mata ta baya. Tana kuma jure zafi. Ana auna ƙarfin faranti a digiri 25, kuma kowane digiri ɗaya da ya ƙaru, farantin PERC yakan rasa kusan kashi 0.35 cikin 100 na ƙarfinsa, na HJT kuma kusan 0.25. A kan rufin kwano a Sakkwato ko Agadas cikin watan Afrilu, inda faranti kan kai digiri 65, wannan na nufin asarar kashi 14 a na farko, kashi 10 a na biyu.

Lokacin da katangar ta faɗi

Kusan shekara goma sha uku Sanyo yana cin kasuwarsa shi kaɗai, takardun mallakar fasaha suna kare shi. Farantansa masu tsada ne, masu sayensu kuma galibi masu ƙananan rufi ne a Japan da Turai, waɗanda ke son lantarki mai yawa daga ɗan fili. Panasonic ya sayi rinjayen hannun jarin Sanyo a ƙarshen 2009, ya mallake shi gaba ɗaya a 2011. A daidai wannan lokaci wa'adin muhimman takardun ya ƙare, ƙofa ta buɗe ga kowa.

Masu bincike a Neuchâtel ta Suwizalan, ƙarƙashin Christophe Ballif, suka zurfafa nazarin ƙirar, kamfanin Meyer Burger na ƙasar ya shiga ƙera injinanta. Hevel a Rasha da REC a Singafo da 3Sun a Italiya suka kafa layukan ƙira. Kamfanin Kaneka na Japan ya kai kashi 26.7 a 2017, ta hanyar mayar da duk layukan ƙarfe bayan ƙwayar domin kada su yi mata inuwa. A Nuwamban 2022 kambun ya bar Japan: kamfanin LONGi na ƙasar Sin ya kai kashi 26.81, kuma cibiyar ISFH ta Jamus ta tabbatar da awon. A 2024 ya kai 27.30. Iyakar da lissafi ya nuna silikon shi kaɗai zai iya kaiwa ita ce kusan kashi 29.4.

Amma kasuwa ba kambu take saye ba, farashin kowane wat take dubawa. Azurfar da aka gasa a ƙaramin zafi ba ta ɗaukar lantarki kamar wadda aka gasa a tanderu, don haka HJT ta fi cin azurfa. Indiyom ƙarfe ne mai ƙaranci. Injinan shimfiɗa tantani suna da tsada, kuma wanda ke da masana'antar PERC ba zai iya gyara ta ta koma HJT ba, sai dai ya gina sabuwa. A 2013 cibiyar Fraunhofer ta Freiburg a Jamus ta gabatar da ƙwayar TOPCon, wadda ita ma ke raba ƙarfe da fallen silikon, amma da rufin da ke jure tanderu. Ingancinta ya kusa na HJT, kuma ana iya ɗora ta a kan tsofaffin layuka. Masana'antun Sin, waɗanda ke da sama da kashi 80 cikin 100 na ƙarfin ƙirar sola a duniya, mafi yawansu ita suka zaɓa. Zuwa 2024 TOPCon ce ke da rinjaye, HJT kuwa ba ta kai kashi 10 cikin 100 na kasuwa ba.

Panasonic, mai ƙananan masana'antu da tsadar aiki, bai iya jure faɗuwar farashi ba. Haɗin gwiwarsa da Tesla a Buffalo ta Amurka ya ƙare a 2020, sanarwar janyewa ta biyo baya. Meyer Burger ya bar sayar da injina ya koma ƙera faranti da kansa a Jamus a 2021. Ya rufe masana'antarsa ta Freiberg a 2024, ya durƙushe a 2025. Manyan masu ƙera HJT a yau, irin su Huasun da Risen, kamfanonin Sin ne. Su ne ke rage azurfa ta hanyar lulluɓe garin jan ƙarfe da ita, suna sirantar da falle, suna kuma sauya tantanin gaba da wani wanda ya fi barin haske ya wuce.

Akwai fage guda da ƙirar Sanyo ta riga sauran shiga. Domin a ƙetare iyakar kashi 29.4, ana ɗora wata ƙwayar a kan ta silikon, wadda aka yi da sinadarin ferobskait, ta sama ta sha shuɗin haske, ta ƙasa ta sha ja. HJT ta dace da zama ta ƙasa, saboda ƙarfin turinta da kuma rufinta garai-garai wanda ke jona su biyun. Da irin wannan haɗi cibiyar Helmholtz ta Balin ta kai kashi 29.15 a 2020, LONGi ya kai 33.9 a 2023, kamfanin Oxford PV kuma ya fara sayar da farantan farko a 2024. Tambayar da ta rage ita ce ko ferobskait zai jure shekara ashirin da biyar a rana da ruwa, kamar yadda silikon ke jurewa.

Kuwano, wanda ya zama shugaban Sanyo a 2000, ya ɗora farantan sola a rufin gidansa da ke yankin Osaka tun 1992, gida na farko a Japan da ya riƙa mayar da rarar lantarkinsa ga layin kamfanin wuta. A shekarar ce kuma injiniyoyin kamfaninsa suka wallafa sakamakon kashi 18.1. Sunan Sanyo ya ɓace daga jikin farantan sola, Panasonic kuma ya bar ƙera su, amma a masana'antun lardin Anhui da na Zhejiang har yanzu ana shimfiɗa tantanin nan mai nanomita 5 a kan kowane falle, gaba da baya.